Ta Farko a Ramin Farko

A shekarar da aka hana 'yan acaɓa shiga cikin birnin Abuja, azumi a ƙarshen damina ya same mu. Mun yi kamar mako guda da ɗauka aka kafa dokar. Ba na mantawa, domin ranar da ta fara aiki na zauna a rumfa tun hantsi har la'asar ban taɓa ko filaya ba. Bana kuwa azumi ya faɗo cikin zafin bazara, ga jiki ya yi nauyi, sai na riƙa kishingiɗa bayan azahar ina kallon rufin ɗaki, wancan azumin yana dawo mini daki-daki, har da wajen da na fi so in tsallake.

A Durumi muke a lokacin. Rumfar kwano ce a bakin hanya, mu biyu muka kafa ta. Ni Hamisu, mutumin Zariya, aikina wayoyin babur: fitila, hon, batir, caji. Abokin aikina Bulus, mutumin Filato, shi ke da inji. Shekara shida muna tare ba a taɓa jin kanmu ba. Shi ya yi boko, yana karanta takardar da ke zuwa cikin kwalin kaya. Ni allo na yi, komai da ajami nake rubutawa, har sunayen wayoyi a bangon rumfa da gawayi. Yakan tsaya ya kalli rubutun ya ce, "Malam, wannan tsutsa naka yana cewa me?" Ni kuma in ce ya je ya tambayi fastonsu.

Da doka ta kama, sai muka ga masu kawo mana aiki suna ɗaure baburansu a bayan manyan motoci, wasu Mararaba, wasu Suleja, wasu gida gaba ɗaya. Garin kuwa bai ko waiwaye mu ba. Benaye na tashi ta ko'ina, sababbin motoci na wucewa da leda a kujerunsu, kowa da wayar hannu a kunne. Ana cewa arziki ya shigo ƙasa. Mu dai abin da ke isowa rumfarmu shi ne ruwan taɓon da tayoyinsu ke watso mana.

Ruwan ƙarshen damina a Abuja ba ya sallama. Da safe rana ta buɗe, ƙasa ta riƙa fitar da tururi kamar an buɗe tukunyar dambu, riga ta manne a baya, maƙogwaro ya bushe tun kafin azahar alhali ko'ina a jiƙe yake. Wajen la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta ɗaga kwanon rumfa ta sake shi, ruwa ya sauko ba ka jin maganar na kusa da kai. A gida ashana ba ta kamawa, gishiri ya koma ruwa a gwangwani. Saudatu, uwar 'ya'yana, takan tashi kafin asuba ta yi ta fama da risho, ta ɗumama tuwon jiya, mu ci a tsugune tsakanin robobi uku da ke tarar yoyon rufi. Buɗa-baki ya fara da ƙosai da kunun tsamiya. A mako na biyu ƙosai ya ɗauke, a na uku sukari ya bi shi. Ba ta taɓa cewa uffan ba.

Bulus ba ya azumi, amma bai taɓa tauna ko gyaɗa a gabana ba. In yunwa ta matsa masa sai ya ce, "Malam, bari in duba bayan rumfa." Can sai in jiyo shi yana gaigayar gasasshiyar masara a hankali, wai don kada in ji.

Wajen sha takwas ga azumi, wata a-kori-kura ta tsaya a gabanmu da abu a lulluɓe da tamfol. Wanda ya sauko Dauda ne, yayan matar Bulus, direba a wani babban gida a Maitama. Da aka yaye tamfol sai ga babur irin wanda ban taɓa sa wa hannu ba, baƙi, ƙato kamar ɗan maraƙi. Sai da mu huɗu muka sauke shi.

Dauda ya share gumi ya ce, "Malam, ina cikin wahala. Oga ya tafi Umara, ya ce in riƙa tayar da babur ɗin nan kullum da safe. Ni kuma don in burge, nake sa masa tiyo ina wankewa kamar sauran motoci. Yanzu wata rana ya tashi, wata rana ya ƙi. Mita ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke. Oga kuma jajibirin Salla zai sauka."

Na leƙa mitar. Babu agogo mai allura irin wanda muka sani. Wani ɗan gilashi ne kamar fuskar wayar hannu. Na murɗa makulli, lambobi suka fito, na girgiza kan babur kaɗan, suka ɓace, sai 'yan layuka a kwance a jere, kamar an zuba wasula babu baƙaƙe. Wata jar fitila ta kama a gefe. Na danna sitata, shiru.

Na ce, "Dauda, wannan ba irin namu ba ne. Mayar da shi inda aka saye shi."

Ya ce, "A jirgi ya zo, Malam. In mayar da shi ina?"

Nan Bulus ya matso ya ce, "Yaya Dauda, ka bar shi. Ni na tsaya. In ya lalace, a kaina." Bayan motar ta tafi ya zauna a benci ya gaya mini abin da bai taɓa gaya mini ba. Tun da ya auri Ladi danginta ba su ɗauke shi a bakin komai ba, ɗan gyaran acaɓa suke ce masa. Wannan ne karo na farko da wani daga cikinsu ya zo neman abu a wurinsa. Ya ce, "Malam, sunana ne a kan wannan babur. Ka taimake ni."

Muka fara da abin da muka sani. Na auna batir, lafiya lau. Na zare fis ɗaya bayan ɗaya na ɗaga su ga haske, babu wanda ya ƙone. Na bi wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen babur na kankare tsatsarta na ƙara ɗaure ta. Bulus ya kwanta a ƙasa yana neman kebul ɗin da ke tasowa daga tayar gaba zuwa mita, irin na baburanmu. Ya nema ya gaji. Babu. Muka kalli juna. To, ta ina mitar ke sanin gudu?

Kwana biyu muna cire robobi. Da safe, lokacin da kaina ke da sauran haske, ni ke bin wayoyi. In rana ta karkata idona ya fara ganin abu bibbiyu, sai Bulus ya karɓa ni kuma in zauna in riƙa faɗa. A rana ta uku muka kai ga soket ɗin da ke bayan fitilar gaba, inda damin wayoyi ke shiga mita. Na zare shi, ruwa ya ɗigo a tafina. Ƙusoshin ciki sun yi kore shar, biyu sun cinye har sun kusa rabuwa. Na yi hamdala. Ciwo ya nuna kansa.

Washegari na hau mota zuwa Apo, wajen masu kayan gwanjo, da tsohon soket a aljihu. Na yi yawo cikin taɓo har ƙafafuna suka daina jin takalmi, kafin na samu wani Ibo mai irinsa, an yanko daga wani babur da ya yi hatsari. Ramukan daidai, amma launin wayoyin daban. Ya nuna mini wasu sirara biyu da aka murɗe su tare kamar tufkar igiya, ya ce, "Alhaji, wannan biyu ba wuta yake ɗauka ba, magana yake ɗauka. Ƙwaƙwalwan inji yana magana da mita ta nan. Kar ka warware shi, kar ka juya shi." Sai a lokacin na gane inda kebul ya tafi. Akwatin da ke ƙarƙashin kujera shi ke faɗa wa mita komai, mita kuma ta amsa, in ba su ji juna ba inji ba zai tashi ba.

Na iso rumfa bayan azahar ta wuce, kaina na sarawa. Wayar wuta da ta ƙasa da na fitilu duk mun gane su da kauri da awo. Saura siraran nan biyu na jikin babur, farare dukansu, zanen da ke bambanta su ya koɗe. Allah ya sa kafin in yanke tsohon soket na ɗaura wa ɗaya zare, wadda ke ramin farko cikin ramuka biyu da ke maƙwabtaka a layin ƙasa. Na miƙa wa Bulus dalma na ce, "Mai zare ita ce ta farko. Ta farko a ramin farko, ta biyu a na biyu." Na ɗauki buta na tafi masallaci.

Da na dawo ya gama. Aiki mai tsabta, like kamar na kamfani, ya naɗe da salatif. Daidai nan Dauda ya iso da wasu direbobi biyu abokansa, mai shayin kusa da mu ma ya taso, da shi da masu zaman bencinsa. Bulus na murmushi ya ce in murɗa makulli.

Gilashi ya kama haske. Lambobi ba su zo ba. Layukan nan ne kawai, da jar fitila. Na kashe na kunna, na girgiza, na bubbuga. A da in ka girgiza yakan dawo. Yanzu ko sau ɗaya.

Dauda ya ɗora hannu a ka. Ya ce, "Malam, me ya faru? Da ai yana tashi wani lokaci!"

Ga yunwa, ga ƙishi, ga tafiyar Apo, ga idanun mutane a kaina. Ba na kawo waɗannan dalilai don su wanke ni, ina faɗar yadda aka yi ne. Na buɗe baki na ce, "Ni dai na nuna ciwo, na kawo magani. Kafin hannun Bulus ya taɓa shi yana tashi."

Dauda ya juya kan Bulus da yarensu. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na ga fuskar Bulus, na kuma ji sunan Ladi sau biyu. Da Hausa ya rufe, don kowa ya ji: "Dama an gaya mini hannunka ba ya gyara sai ɓatawa." Bulus ya tsaya da salatif a hannu har suka tafi, ruwa ya sauko.

Kwana huɗu muka yi a kan babur ɗin ba mu magana sai ta dole. Na auna kowace waya daga wannan kai zuwa wancan, duk suna wucewa. Na buɗe liken Bulus ina neman aibi, ban samu ba, na mayar. Na fara tsoron ko akwatin ƙarƙashin kujera ne ya ƙone. Goman ƙarshe ta shiga, mutane na ta ibada, ni ina tsaye a sahu zuciyata na cikin soket. Bulus ya daina zuwa bayan rumfa. Ban san ko yana cin abinci ba. Na ji dai Ladi ta tafi gidan yayanta da yara, wai sai an ga ƙarshen maganar.

Ranar Asabar na jera fis huɗu a kan benci ina sake gwada su. Kaina na cikin babur, ban ɗago ba na ce, "Ba ni na farko." Ya miƙo. Na duba na ce, "Na farko na ce."

Ya ce, "Shi ne na farko mana, Malam." Ya sa yatsa ya ƙirga mini, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Daga hagu.

Nan take na gane. Ni tun ina yaro a gaban allo, farkon kowane layi a dama yake. Da na kalli ramukan nan biyu na ce na farko, na dama nake nufi, ban taɓa kawo wa raina akwai wani farkon ba. Shi kuma boko ta koya masa farko a hagu. Ya yi daidai abin da na faɗa. Bakina ne ya juya wayoyin, ba hannunsa ba.

Da na ce masa a take, "Bulus, zo ka ga," da yau ba ni da abin rubutawa. Amma sai na tuna mai shayi, da direbobin nan, da yadda zan tsaya a gabansu da gemuna in ce ni ne. Na karɓi fis ɗin na yi shiru.

Lahadi da safe yana coci. Na zo rumfa ni kaɗai, na narka liken biyu, na sauya su. Bai kai tsawon alwala da raka'a biyu ba. Na murɗa makulli da bisimilla. Lambobi suka cika gilashi, jar fitila ta mutu. Na danna sitata, babur ya yi gurnanin da ya tashi kajin unguwa.

Bulus ya iso da rigar cocinsa, a guje, ya ji ƙara tun daga nesa. Ya ce, "Malam! Me ka yi masa?"

Na ce, "Wajen da ka like na sake."

Na gaya wa kaina ba ƙarya na yi ba, ai na sake ɗin. Da azumi a bakina, a goman ƙarshe. Ya kalli hannayensa ya ce, "To. Mun gode Allah." Ya tafi ya kira Dauda.

Bayan Salla da mako biyu Bulus ya kwashe sifanunsa. Ya ce aiki ya mutu a gari, ya samu gona a Paikon Kore ta wajen Gwagwalada, Ladi ta yarda ta bi shi. Na taya shi ɗora kaya. Ni kuwa labari ya bazu cikin direbobin Maitama cewa akwai wani malami a Durumi mai jin maganar baburan Turawa. Aiki ya riƙa zuwa. Na bar rumfa na kama shago, na sayi na'urar da ake maƙala wa babur ta faɗi ciwonsa, na je Makka, na aurar da 'ya'ya. Yau ƙananan babura ma da irin wannan gilashin suke zuwa, yaran da na koya wa aiki cikin minti kaɗan suke gano abin da ya cinye mana kwana goma. Kowace shekara in goman ƙarshe ta zo sai in ce bayan Salla zan je Paikon Kore. Kusan shekara ashirin ina cewa.

A azumin bana na haɗu da Dauda a asibiti, layin masu hawan jini. Ya tsufa, ya bar tuƙi. Muka gaisa, na tambayi Bulus. Ya yi dariya ya ce, "Yana nan, doya yake yi. Ka san har yau ko ƙwan fitila ba ya sawa a gidansa? Sai ya kira maƙwabci. Wai hannunsa ba ya shiri da waya."

Ban ji sunana ba da aka kira, sai da aka maimaita.

Kwana biyu bayan nan na hau mota. Zafin hanyar Gwagwalada a bazara ba a ba da labarinsa, kujera kamar tanda, iskar taga kamar daga bakin murhu. Na isa bayan la'asar, leɓɓana sun tsage. Aka nuna mini gidan. Yana zaune a gindin mangwaro yana yanka irin doya, kansa fari fat. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Malam Hamisu? Ko Alhaji ne yanzu? Tsutsa ya kawo ka?"

Ladi ta shimfiɗa mini tabarma. Bayan gaisuwa na ce ba zama ya kawo ni ba. Na gaya masa duka: zare, ramuka biyu, fis huɗu, ranar Lahadi. Na ce likensa ba shi da aibi ko ɗaya, na buɗe na gani da idona.

Ya ajiye wuƙa. Can ya ce, "Ladi, kawo waya na." Ya latsa, ya sa a lasifika, ya ɗora a kan tabarma tsakaninmu. Muryar Dauda ta fito. Bulus ya ce, "Yaya, ka saurara." Ya dube ni. "A gaban mutane ka faɗa, Malam. Mai shayi ya mutu, sauran ban san inda suke ba. Ga wanda ya rage. Maimaita. Da ƙarfi, kunnensa ya yi nauyi."

Na maimaita, tun daga farko, da ƙarfi. Ladi na tsaye a bakin ƙofa da hannu a baki. Da na gama, Dauda ya yi magana da yarensu, gajeriya. Bulus ya amsa da kalma ɗaya ya kashe.

Ya buɗe tafukansa a kan gwiwa yana kallo, duk sun yi kanta da kaftu. Ya ce, "Ina son aikin nan, ka sani. Ina son shi fiye da noma." Ya numfasa. "Ba zan ce maka ba komai ba, Malam, don akwai komai. Amma na yafe. Tsakanina da kai babu saura."

Na yi godiya yadda na iya. Na dafa ƙasa zan tashi, na ce bari in kama hanya kafin motoci su ɗauke. Gwiwata ta ƙi, na koma zaune.

Ya ɗaga kai ya duba rana ta cikin ganyen mangwaro, ta kusa taɓa dutse. Ya ce, "Ladi, sa ruwa a randa ya yi sanyi, ki dama kunu." Sannan ya juyo gare ni. "Zauna ka sha ruwa a nan, tsoho. Kar ka je ka faɗi a hanya, a ce hannuna ne."